Yadda ake sauke tankin fetur da ya yi tsatsa a tsohuwar mota, a wanke shi, a mayar

Alamar ba ta ɓuya ga wanda ya taɓa gani. Mota za ta tashi lafiya ƙalau, ka yi tafiyar minti goma ko sha biyar, sai ta fara shaƙewa, ka taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari biyu ta mutu. Ka ɗan jira a gefen hanya, ka murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. An wanke kafireta, an canja filta, an canja fulogi, bayan kwana uku jiya-i-yau. Abin da ke faruwa shi ne famfon mai yana zuƙo ɓarɓashin tsatsa daga gindin tanki, ɓarɓashin ya taru a ragar da ke bakin bututun ɗebo mai har ya toshe ta. Da injin ya mutu zuƙar ta tsaya, ɓarɓashin ya saki ya koma ƙasa, hanya ta buɗe. Muddin tankin yana nan da tsatsarsa, duk wankin kafiretar da za a yi aikin baban giwa ne.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka tabbatar. Cire filtar mai ka zazzage ta a kan farin tsumma. In ka ga jan gari kamar na bulo, kai masa maganaɗisu. Ya ɗauke shi, to ƙarfe ne, tankin ne ke zubar da cikinsa. In kuwa baƙi ne mai laushi da maganaɗisu bai kama ba, tiyon roba ne yake ruɓewa daga ciki, wannan wani aikin ne mai sauƙi. Ka kuma manna maganaɗisun a jikin tankin, domin motoci da yawa na baya-bayan nan tankinsu na roba ne, ba ya tsatsa. A irinsu sai a nemi laifin a wuyan zuba mai ko bututun ƙarfe.

Ruwa ne tushen matsalar. Tankin da ya daɗe rabi-rabi yana shaƙar iska mai danshi, dare ya yi sanyi danshin ya zama raɓa a bangonsa na ciki, ya gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, kuma fetur ɗin da ke samansa ya hana shi bushewa. Tsofaffin tankuna da yawa an lulluɓe ƙarfensu da haɗin dalma da kuza, amma shekaru suna cinye wannan rigar. Fetur mai haɗin etanol kuma yana jan ruwa daga iska, shi ya sa motar da aka ajiye shekara biyu ko uku ta fi wadda ake hawa kullum lalacewar tanki.

Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari

Wannan maganar nake so ta zauna maka kafin komai. Ba ruwan fetur ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma yana kamawa ne idan ya gauraya da iska tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A cikakken tanki tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Da ka juye man iska ta shiga, haɗin ya daidaita. Fetur cokalin shayi ɗaya ko biyu da ya rage a lungun tanki mai lita 50 ya isa ya mai da shi bam. Tankin da ya shekara a yashe ma bai tsira ba, domin mai yana maƙalewa a cikin tsatsa da haɗin ƙarfe, zafi ya taso da shi.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama, bin ƙasa yake kamar ruwa, ya taru a rami ko kwata, ya je ya sami wuta a nesa ta biyo shi ta dawo. Don haka a fili za ka yi aikin, inda iska ke kaɗawa, ba a rufaffen gareji ba, ba kuma a kan ramin gyaran mota ba. Babu sigari, babu janareta a kusa, babu mai walda a maƙwabtaka, babu ƙwan lantarki mai zafi da zai iya faɗuwa ya fashe. Tocila mai batir ta wadatar. Ka ajiye abin kashe gobara mai hoda ko mai kumfa inda hannunka zai kai, da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukar ta yake ya yaɗa.

Kayan da za ka tanada: jak da matokaran ƙarfe, sifanu da sukundireba da filaya, faffaɗan katako, famfon hannu na zuƙo mai, jarkokin da aka yi don fetur, man sassauta kusoshi irin su WD-40, tabarau na kariya, safar hannu da asid ba ya ci, gajeriyar sarƙa, garin sabulu, maganin tsatsa, bekin soda, sababbin tiyo da kilif, sabuwar filta da sabon gaskit na geji, wato na'urar auna yawan mai da ke jikin tanki. Ka haɗa su duka tun kafin ka fara. Akwai gaɓar da in ka tsaya neman wani abu, aikin kwana uku zai lalace cikin awa ɗaya.

Juye mai

Idan motar mai injekta ce, akwai matsi a bututunta da ya kai kusan bar 3 a ma'aunin matsi, ko an kashe injin. Zare fiyus ɗin famfon mai, tayar da motar ka bar ta har ta mutu da kanta. Mai kafireta ba ta buƙatar wannan. Daga nan ka cire kan batir na nagatif, ka kawar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Buɗe murfin tanki iskar da ta taru ta fita.

Wasu tsofaffin tankuna suna da notin tsiyaye mai a ƙasa. In ya kwance cikin sauƙi, madalla. In ya cije kada ka tilasta masa, don ƙarfen da ke kewaye da shi ya riga ya yi laushi, zai iya yagewa gaba ɗaya alhali kana kwance a ƙarƙashi. Sai ka zura tiyon famfon hannu ta wuyan tanki, ko ka cire tiyon da ke zuwa injin ka zuƙo ta nan. Kada ka ja da baki, don Allah. Fetur kaɗan da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kai shi gadon asibiti. Jarkar ta zauna a ƙasa lokacin da ake cika ta, a rufe ta, a kai ta nesa cikin inuwa.

Ka zuƙe iya abin da zai zuƙu. Litar fetur tana da nauyin kusan giram 750, wato lita 40 kilo 30 ke nan, kuma nauyi ne mai kai-komo. Tanki zai karkata, man ya ruga gefe ɗaya, ya kuɓuce maka. Tsohon man kuma kada ya koma mota, kada ya shiga kwata ko ƙasa. A kai shi inda ake karɓar gurɓataccen mai.

Sauke tankin

Tun daren jiya ya kamata a ce ka fesa man sassauta kusoshi a kan duk notin da ke riƙe da tankin. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, ka tokare ƙafafun gaba, ka ɗaga bayan motar, ka ɗora ta kan matokaran ƙarfe, ka girgiza ta ka ji ta zauna daram. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A wasu motocin tankin yana cikin but ko bayan kujera, ta sama ake zaro shi. A mafi yawa yana ƙasa, ɗamarar ƙarfe biyu sun tallafe shi. Wani lokaci sai an kawar da salansa, ko farfela, ko wayar birkin hannu kafin ya sami hanya. Salansar ta huce sarai tukuna.

Yanzu ɗauki waya ka yi hoton komai, ta kowace kusurwa. Tiyo ukun nan da kake gani ka san inda kowanne yake, bayan mako guda duk kama ɗaya za su yi maka. Ka liƙa wa kowanne alama. Galibi za ka tarar da babban tiyon wuyan zuba mai, da ƙaramin na shaƙar iska a gefensa, da wanda ke kai mai injin, a wasu kuma da wanda ke dawo da rarar mai. Sai wayoyin geji, da wayar at da aka ɗaure a jikin mota. Tiyon da ya ƙafe a kan bututu kada ka fizge shi, murɗa shi za ka yi da filaya a hankali har ya saki. In ya ƙi, tsaga shi da wuƙa a tsaye, tunda dama sabo za ka sa. Bututun da ke jikin tanki galibi da dalma aka liƙa shi, fizga ɗaya tana iya tsinke shi. Toshe bakin bututun da ke zuwa injin kada ƙasa ta shiga.

Sa jak a ƙarƙashin tankin, da katako a tsakani don ya raba nauyin. Ba tare da katakon ba kan jak zai lotsa gindin tankin, ko ya huda shi in ya ruɓe. Sassauta notocin ɗamara. Wanda ya cije, ka ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, ka sassauta, ka sake fesa mai, ka yi ta kai da komo har ya bi. Abin da aka saba yi wa cijajjen noti a wani wuri, wato gasa shi da wuta ko yanke shi da injin gurza ƙarfe, a nan haramun ne. In ya zama dole a yanka, zarton hannu, a hankali.

Sauke tankin kamar faɗin tafin hannu, ka tsaya, ka leƙa samansa da tocila. Kusan kullum akwai waya ko siririn tiyo a can sama da ba a gani sai an sauke. Cire shi, sannan ka ƙarasa saukewa. Mutum biyu sun fi ɗaya a nan. Robobin da ke tsakanin ɗamara da tanki ka adana su, ko ka nemi madadinsu.

Buɗe shi ka yanke hukunci

Share ƙasar da ke kewaye da gejin mai kafin ka buɗe. Wani da ƙananan kusoshi aka ɗaure shi, wani da zobe mai juyawa. Zoben da guntun katako mai tauri ko sandar tagulla ake buga shi, ba da kurfi na ƙarfe ba, saboda tartsatsi. Zaro gejin a karkace, kana bin lanƙwasar hannunsa, kada ka tanƙware shi ko ka fasa fulotin, wato abin da ke yawo a kan mai a ƙarshen hannun. In akwai famfon mai a ciki shi ma ya fito. Duk abin da ba ƙarfen tanki ba, roba ne ko alminiyam, ya fita kafin asid ya shiga. Juye sauran man, sannan ka cika tankin da ruwa har ya tumbatsa don ya koro tururin.

Bayan ka zubar, haska ciki. Jar tsatsa da ta shafi bango sama-sama, ko ɓawo-ɓawo a gindi, wannan tanki ne mai gyaruwa. Daga nan ka kifa shi ka bi waje, musamman inda ɗamara ta kwanta, da layin haɗin sama da ƙasa, da samansa inda laka ke taruwa ta riƙe danshi. Danna da bakin sukundireba. In ƙarfen yana lotsawa kamar gwangwani, ko ya huje a wurare da yawa, ko ka ji allunan da ke raba cikinsa sun saki suna ƙara, ka haƙura da shi ka nemi wani. Na san zafin hakan, musamman ga motar da kayanta suka yi wuyar samu. Amma asid ba ya ƙara ƙarfe, ragewa yake. Tankin da tsatsa ce kaɗai ke toshe ƙofofinsa, in ka wanke shi rariya za ka samu. Ƙofa ɗaya ko biyu kamar tsinin allura ana iya magance su. Walda kuwa ba aikin gida ba ce, ko an wanke tankin sau goma. A kai wa masu gyaran tanki da lagireto waɗanda suke da kayan korar tururi.

Maiƙo tukuna, tsatsa daga baya

Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa su tafi kai tsaye ga asid, sai su ce maganin ba shi da kyau. Tsohon fetur in ya bushe yana barin wani ƙaro mai danƙo da warin fenti, wanda ke rufe tsatsar. Asid ba ya ratsa maiƙo. Toshe ƙofofin tankin, ramin geji ka rufe shi da guntun roba da faranti, ka zuba ruwan zafi da garin sabulu mai yawa ko maganin cire maiƙo. Girgiza, bar shi ya jiƙa awa biyu ko uku, zubar, maimaita har ruwan ya daina fitowa da launin shayi da ƙyallin mai a samansa.

Sai gurza. Zura sarƙa mai tsawon mita ɗaya ko ɗaya da rabi, ka zuba ruwan sabulu lita uku ko huɗu, ka rufe, ku kama shi ku biyu ku yi ta jijjigawa, kuna juya shi ta kowane gefe, har da kifawa. Minti goma, a huta, a zubar, a sake. Wasu noti da kusoshi suke zubawa, kuma suna aiki, amma ni sarƙa na fi so, da igiya a ɗaure a bakinta. Cikin tanki akwai alluna masu hana mai tambal-tambal, noti yana shigewa bayansu ya ƙi fita. In notin za ka sa, ƙirga su kafin su shiga, ka ƙirga bayan sun fito. Tsakuwa kuwa ban yarda da ita ba sam: tana farfashewa ta bar yashi, kuma maganaɗisu ba ya kamo wadda ta maƙale. Kada a yi gurzar a bushe, da ruwa a ciki ake yi.

Duk ɓawon da sarƙa ta kankare, asid ya huta da shi. Kada ka gaji da wannan matakin har sai abin da ke fitowa ya koma gari-gari.

Wane asid?

Ruwan kal, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, shi ne mafi sauƙin sha'ani kuma mafi jinkiri. Yana son kwana biyu zuwa uku, kuma sai an cika tankin ko a riƙa juya shi kowane gefe ya sami rabonsa. Garin asid ɗin sitirik ya fi shi sauri: giram 50 zuwa 100 a kowace litar ruwan ɗumi, a bar shi kwana ɗaya, ana girgizawa lokaci-lokaci. Ga babban tanki ya fi ruwan kal sauƙin ɗauka da haɗawa. Akwai kuma magunguna irin su Evapo-Rust da ke cire tsatsa ba tare da cin lafiyayyen ƙarfe ba.

Zaɓina shi ne maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik. Dalili kuwa, bayan ya ci tsatsar yana barin wata siririyar riga mai ruwan toka a jikin ƙarfen, wadda ke jinkirta dawowar tsatsa, kuma fentin ciki yana kama ta da kyau. Ba sai an cika tankin ba. Lita kaɗan sun isa in ana juya shi duk bayan minti ashirin ko talatin don bangon ya kasance a jiƙe. Ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikin robar, domin ƙarfinsu ya bambanta.

Asid ɗin haidirokulorik, wanda ake wanke siminti da shi, yana cinye tsatsa cikin mintuna, kuma saboda haka ne ake ruɗuwa da shi. Yana cin ƙarfen ma, hayaƙinsa yana ƙona huhu, yana lalata liƙin bututu, kuma abin da ya rage a haɗin ƙarfe yana ci gaba da ɓarna bayan an gama. Tsohon tanki mai siririn bango ba ya jure masa. Ruwan batir ma ka bar shi a batir.

Kowanne ka zaɓa, asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Tabarau da safar hannu dole ne. Kada ka rufe tankin ruf, domin asid da ƙarfe suna fitar da iskar haidirojin, mai kumbura tanki kuma mai kama wuta; bar murfin a sassauce in ba girgizawa kake ba. Kada asid ya haɗu da bilic, haɗinsu iska ce mai guba. Ka riƙa leƙawa: da ƙarfen ya koma ruwan toka, babu ja, an gama, ƙarin lokaci ɓarna ne.

Juye asid ɗin a bokitin roba, ka kashe ƙarfinsa da bekin soda har ya daina kumfa kafin a zubar da shi inda ya dace. Ɗauraye tankin sau uku ko huɗu. In ruwan kal ko sitirik ka yi amfani da shi, ka bi da ruwan bekin soda, kamar kofi ɗaya a lita goma, ka girgiza sosai, ka sake ɗaurayewa. In fosforik ne, ruwa zalla ya isa sai in takardar maganin ta ce wani abu daban.

Bushewa: awar da ke yanke hukuncin aikin

Ƙarfen da asid ya tsiraita yana fara tsatsa cikin mintuna in yana jiƙe. Tankin farko da na wanke, na gama ɗauraya da yamma, cikinsa fes, na kifa shi na ce ya tsane zuwa safe. Da gari ya waye na haska, bangon duka ya yi ja. Sai da na koma kan asid. Tun daga ranar ba na fara ɗaurayar ƙarshe sai da hantsi, rana na sama, kayan busarwa na gefe.

Ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwa mai zafi sosai, don ƙarfen ya ɗauki zafi ya taimaka wajen busar da kansa. Tsiyaye ta kowace ƙofa kana karkata shi. Ruwa yana ɓuya bayan alluna da cikin haɗin ƙarfe, don haka ka zuba kamar rabin lita na sifirit mai ƙarfi ko asiton, ka juya ya zagaye ko'ina, ka zubar. Yana haɗuwa da ruwan ya fito da shi. Amma ka tuna yanzu tankin ya sake cika da tururi mai kama wuta. Kada na'urar busar da gashi ko wani abin hura zafi mai lantarki ya kusance shi a wannan hali. Iskar kwampireso ta doguwar mesa, da zafin rana, ƙofofi duka a buɗe. Ka hura ta bututun ɗebo mai da na shaƙar iska har ka ji iska na fita sarai. Sai warin ya ɓace gaba ɗaya ne za a iya hura iska mai ɗumi. Tsumma a bakin sanda, in ya shiga lungu ya fito a bushe, ka kusa.

Gwajin yoyo

Toshe ƙofofi duka, ka ɗaura balan-balan a bakin bututu ɗaya, ka hura iska ta wani da famfon keke. Da balan-balan ɗin ta kumbura, ya isa. Shafa ruwan sabulu a layin haɗi, da gindin bututu, da duk inda ka ga ramin tsatsa, ka nemi kumfa. Matsin kada ya wuce psi 2 a ma'aunin iskar taya. Tayar mota tana ɗaukar sama da 30, sai mutum ya ga kamar 5 ba komai ba ne, alhali a bango mai faɗin santimita 60 da tsawon 80, psi 5 turi ne da ya haura tan ɗaya da rabi. Tanki zai kumbura, alluna su ɓalle.

A shafa fentin ciki ko a bari?

In tankin ya fito sumul, ba ya yoyo, kuma motar hawa za a riƙa yi, ni ba na shafawa. A mayar, a cika shi da mai, shi ke nan. In kuwa bangon ya yi ramuka-ramuka, ko akwai ƙofar allura, ko motar za ta riƙa daɗewa a ajiye, to fentin cikin tanki irin su POR-15 ko Red-Kote yana da amfani. Fenti ne na musamman da fetur ba ya narkarwa; fentin gida ko na jikin mota ba ya maye gurbinsa.

Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: babu maiƙo, babu ɗigon ruwa. Fentin da aka shafa a kan danshi yana saɓulewa bayan watanni, ya zama kamar leda yana yawo a cikin mai, ya toshe bututu fiye da yadda tsatsa ta taɓa yi, kuma cire shi wahala ce babba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In ba ka da tabbacin bushewa, ƙara kwana.

Liƙe ƙofar allura da tef daga waje, zuba fentin, juya tankin a hankali ya bi kowane bango har sama, sannan ka tsiyaye rarar sosai kada ya taru a gindi. Nan take ka hura iska ta kowane siririn bututu, ka maimaita bayan ɗan lokaci, in ba haka ba fentin zai daskare a ciki ya rufe hanyar mai. Ba shi kwanakin da aka rubuta. Na POR-15 awa 96 ne kafin fetur ya shiga. Kana jira, ka goge wajen tankin da burushin waya na hannu, a jiƙe saboda ƙurar dalma, ka busar, ka yi masa fenti, har da ɗamarar.

Mayarwa

Tsabtataccen tanki da dattin bututu, an koma gidan jiya. Cire bututun ƙarfe ta ɓangaren injin ka hura iska daga gaba zuwa baya har ta fito ba ja. Wanda ya ruɓe a canja shi. Wanke kwanon kafireta da jet-jet ɗinta, wannan karon wankin zai daɗe. Tiyon roba duka sababbi, kuma na fetur: mai lamba SAE 30R7 na mota mai kafireta ne, 30R9 na mai injekta, wanda zai zauna cikin mai a cikin tanki kuma 30R10. Tiyon ruwa yana kama da su a ido, amma fetur yana narkar da shi.

Gwada gejin kafin ya koma. Jijjiga fulotin a kunne, in ka ji mai a ciki ya huje. Haɗa shi da mitar gwajin lantarki, ka sa ta a kan om, ka ɗaga hannun a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lambar ta riƙa canjawa a jere ba tsalle. Sabuwar raga a bakin bututun ɗebo mai, sabon gaskit, ban da gam ɗin silikon, wanda fetur ke kumbura shi ya gutsuttsura.

Ɗora tankin kan katako da jak, ɗaga shi rabi, haɗa wayoyi da tiyon sama tun hannu yana shiga, kana duba hotunanka. Mayar da robobin ɗamara, domin ƙarfe kan ƙarfe yana gurzar juna har ya huda. Ɗaure ɗamara ta kama sosai ba tare da ta lotsa tankin ba, ka duba babu tiyon da ya matse ko ya kusanci salansa. Kankare inda wayar at ke zama har ƙarfe ya yi haske, don rashin at mai kyau shi ke sa geji ƙarya.

Zuba lita goma kawai, ka leƙa ƙasa, ka shinshina. Babu ɗigo, sai ka haɗa batir. Mai injekta ka mayar da fiyus, ka kunna makulli ka kashe sau uku kafin tayarwa. Mai kafireta za ta ɗan ja kafin mai ya iso. Bar ta tana aiki ka sake bin kowane haɗi da ido da yatsa. Sannan ka cika tankin taf ka sake dubawa, domin yoyon gaskit ɗin geji da na wuyan tanki ba sa nuna kansu sai mai ya kai sama. Ga mai kafireta, sa filta mai gilashi ko farar roba da ake ganin cikinta, ka riƙa leƙa ta a makonnin farko. Bayan kilomita ɗari biyu ko uku ka canja ta ko da ta yi kama da mai tsabta. Duba robar murfin tanki ma, in ta tsage ruwan sama ta nan yake shiga. Duk lokacin da motar za ta kwana biyu a ajiye, a ajiye ta da tanki cike.